Ina Gawayin Ya Tafi? Sharhi Kan Haɗuwar Sinadarai Da Yadda Ake Rubuta Ta

A cika kurfoti da gawayi, a hura wuta, a ɗora wake da shinkafa. Kafin a sauke tukunya gawayin ya koma toka wadda ko tafin hannu ba ta cika ba. Ka tambayi yaron da ke shirin rubuta jarrabawar BECE ko WASSCE ina sauran gawayin ya tafi, amsar da za ka fi ji ita ce, "Ai ya ƙone, Malam." In ka matsa masa ya ce ya zama zafi. Wannan yaron kuwa zai rubuta maka C + O₂ → CO₂ ba tare da ya tsaya tunani ba. Layin yana kansa, amma bai taɓa haɗa shi da kurfotin da ke tsakar gidansu ba.

Wannan shi ne abin da ya fi damuna a darasin yamma da nake yi wa yaran Aboabo da Asawase a nan Kumasi. Tun da aka fara karatun babbar sakandare kyauta a 2017, yaran Zango da ke kai wa wannan mataki sun ƙaru, kuma da yawansu suna da ƙwaƙwalwa ta ban mamaki, don makarantar allo ta hore su da hadda tun suna ƙanana. Sai dai kemistiri ba ya miƙa wuya ga hadda ita kaɗai. Wanda ya haddace ikweshan hamsin, wato irin layin nan na C + O₂ → CO₂, ranar jarrabawa za a ba shi na hamsin da ɗaya. Abin da zai fisshe shi shi ne ya gane cewa kowane ikweshan lissafi ne na abubuwan da suke nan a zahiri, ana iya ƙirga su, ana iya auna su, kuma ko ɗaya daga cikinsu ba ya ɓacewa.

Duk abin da ke da nauyi, daga ƙarfe zuwa ruwa zuwa iskar da muke shaƙa, an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, wato atom. Ire-iren atom da aka sani yanzu 118 ne, kowane iri da sunansa da alamarsa. Kabon iri ne, oksijin iri ne, ƙarfe iri ne, zinare iri ne. Ƙwayoyin nan ba kasafai suke zama su kaɗai ba, suna riƙe juna ne, biyu-biyu ko uku-uku ko fiye, su ba da ruwa, gishiri, sukari da sauran abubuwa. Abin da ake kira haɗuwar sinadarai, ko riyakshan a bakin ɗalibai, shi ne lokacin da wannan riƙon ya tsinke, ƙwayoyin suka sake riƙe juna a wani tsari dabam. Ƙwayar kabon da ta shiga za ta fito tana kabon, ta oksijin tana oksijin. Abokan riƙo ne kawai suka sauya.

Da wannan ake rarrabe sauyin sinadarai da sauyin kama. Ƙanƙarar da ta narke a cikin kula ruwa ce da, ruwa ce yanzu. Sukarin da aka dama a koko yana nan, harshe shaida ne. Amma ƙullin fanke da ya kwana ya kumbura, wani sabon abu ya samu a cikinsa: yis ya ci sukari, ya fitar da iskar kabon dayoksaid, ita ce ta hura ƙullin. Littattafai suna jera alamomin da ake gane sabon abu ya samu, kamar sauyin launi, fitar kumfa, fitar zafi ko haske, ko wani gari-gari ya kwanta a ƙasan ruwa. Alamomi ne masu amfani, amma a yi hattara da su. Ruwan da ke tafasa ma yana kumfa, kuma ba wani sabon sinadari da ya samu. Tambayar da ba ta yaudara ita ce: abin da ke gabana yanzu, shi ne na ɗazu ko wani ne dabam?

To, gawayin fa? Mafi yawansa kabon ne. Kowace ƙwayar kabon ta kama ƙwayoyin oksijin biyu daga iska, suka tashi tare a matsayin kabon dayoksaid, iskar da ba ta da launi. Tokar da ta rage ma'adinan da itacen ya tsotso daga ƙasa ne, waɗanda wuta ba ta iya mayarwa iska. Da za a tattara iskar da ta tashi a ɗora a sikeli, da an ga ta fi gawayin nauyi nesa ba kusa ba, don nauyin oksijin ya hau kai. Zafi kuwa ba abu ne mai ƙwayoyi ba, makamashi ne da ya fito sa'ad da sabon riƙo ya ƙullu.

Mutane sun daɗe kafin su gane haka, kuma ba don rashin basira ba. Ido yana ganin itace ya ƙone ya ragu, sai hankali ya ce wani abu ne ya fita daga cikinsa. Masanan Turai na ƙarni na 18 har suna suka ba wannan abin da suke zaton yana fita, filojiston. Abin da ya hana su sakat shi ne ƙarafa: in an ƙona su, nauyinsu ƙaruwa yake yi. Wani Bafaranshe, Antoine Lavoisier, shi ne ya warware matsalar, kuma da sikeli ya warware ta. A 1774 ya zuba kuza a cikin kwalba, ya toshe bakinta ruf, ya auna, ya gasa har kuzan ya sauya kama, ya sake aunawa. Nauyin kwalbar da abin cikinta bai motsa ba. Da ya buɗe ta sai iska ta ruga ciki, alamar cewa kuzan ya cinye wani ɓangare na iskar da ke ciki. Matarsa, Marie-Anne, ita ce ke rubuta sakamakon gwaje-gwajensa da zana kayan aikinsa. A littafin da ya fitar a 1789 ya bayyana dokar a fili: nauyin kayan da suka shiga haɗuwa daidai yake da nauyin abin da ya fito. Shekara biyar bayan nan, a 1794, masu juyin juya halin Faransa suka fille masa kai. Dalilin da ya sa dokar ta zama haka kuwa sai a 1808 John Dalton na Ingila ya kawo shi, da ya ce ƙwayoyin atom ba a ƙirƙirarsu, ba a hallaka su a cikin haɗuwa, jera su kawai ake sakewa.

Gani ya kori ji, kuma wannan gwaji ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje. A nemi babbar robar lemo mai murfi mai kyau, a matse lemun tsami a ciki. A daka kanwa, a ƙulle rabin ƙaramin cokali a 'yar takarda mai laushi, a saka a wuyan robar yadda ba za ta taɓa ruwan ba, a rufe gam. A auna a kan ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinare, wanda ke nuna ɓangaren giram. Sannan a girgiza. Kumfa za ta taso fari fat, robar ta yi tauri a hannu kamar ba a taɓa buɗe ta ba. A mayar kan sikeli, lambar tana nan inda take. A kwance murfin a hankali, a ji iska ta fita da ƙara, a ƙara girgizawa, a sake aunawa, sai a ga nauyin ya ragu. Abin da ya ragu shi ne kabon dayoksaid ɗin da asid na lemu ya kora daga cikin kanwa. Kada a wuce rabin cokali, kuma kada a yi a kwalbar gilashi. Na ga yaran da suka yi shekara suna rera dokar Lavoisier ba su yarda da ita ba sai ranar da suka riƙe wannan robar.

Yanzu rubutun kansa. Alamomin da muke amfani da su, wani masani ɗan Suwidin mai suna Berzelius ne ya tsara su wajen 1813, ya ɗauko harafi ɗaya ko biyu daga sunan Latin na kowane iri. Shi ya sa ƙarfe Fe ne, sodiyam Na, zinare Au, zaiba Hg. Harafin farko babba, na biyu ƙarami, kuma wannan ba ado ba ne: Co ƙarfen kobal ne, CO kuwa iska ce mai kisa. A nan hadda take da aiki, kuma ina ƙarfafa ta ƙwarai. A haddace alamomin iri ashirin na farko a teburin sinadarai, wato jadawalin da aka jera ire-iren atom a cikinsa, da na ƙarafan da aka saba. A haddace cewa iri bakwai ba sa yawo su kaɗai, sai biyu-biyu: H₂, N₂, O₂, F₂, Cl₂, Br₂ da I₂. A haddace ƙarfin riƙon kowane iri, wato falensi: haidirojin, sodiyam, fotasiyam da kulorin ɗaya, oksijin, kalsiyam da magniziyam biyu, alminiyam uku, kabon huɗu. Da wannan ɗan jari ɗalibi zai iya gina alamar sinadari da kansa. Oksijin mai biyu yana buƙatar haidirojin guda biyu, ga H₂O. Alminiyam mai uku da oksijin mai biyu ba za su yi daidai ba sai a shida, wato alminiyam biyu da oksijin uku, ga Al₂O₃. Rabin maki da ake asara a ikweshan tun daga nan ake asararsa, don wanda ya rubuta alamar sinadari ba daidai ba, duk daidaitawar da zai yi a gaba aikin banza ne.

Ikweshan yana da ɓangare biyu. A hagu kayan shiga, a dama kayan fita, kibiya a tsakani tana nuna inda aka dosa. Lambobi iri biyu ne a cikinsa, kuma rikita su shi ne babban kuskuren ɗalibai. Akwai ƙaramar lamba da ke gindin harafi, akwai babbar lamba da ake sa wa a gaban alama. Ta gindi tana faɗin yadda aka ƙera abin. Ta gaba tana faɗin guda nawa aka kawo. Furagiyar da ke jigilar mutane a titunan Kumasi ƙafa uku gare ta. In lissafinka ya nemi ƙafa shida, furagiya biyu za ka kawo, don in ka liƙa wa guda ɗaya ƙarin ƙafafu ta tashi daga furagiya ta koma wani abu dabam.

Ga yadda abin yake a aikace. A rubuta H₂ + O₂ → H₂O. Oksijin biyu ne a hagu, ɗaya a dama. Ɗalibi mai gaggawa sai ya ƙara 2 a gindin O na dama, ya samu H₂O₂, ƙirga ta yi daidai, ya yi murna. Amma ya bar ruwan sha, ya rubuta haidirojin feroksaid, wanda ake wanke ciwo da shi, wanda mai ƙarfinsa ke ƙona fata. Hanyar gaskiya ita ce a kawo ruwa guda biyu, 2H₂O, sannan a kawo haidirojin guda biyu su ishe shi: 2H₂ + O₂ → 2H₂O. Haidirojin huɗu a kowane ɓangare, oksijin biyu a kowane ɓangare. Lambar gindi ba a taɓa ta, ko da wasa.

Misalin da na fi so yana Suame Magazine, inda dubban makanikai da masu walda suke aiki. Duk wanda ya tsaya wurin mai gyaran jikin mota ya san warin kabaid. Dutse ne mai launin toka, ana jefa shi a cikin tukunyar ƙarfe mai ruwa. Da ya taɓa ruwa sai ya fara tafasa, tukunyar ta ɗauki zafi, iska ta bi tiyo zuwa bakin tocin walda, a ƙasa kuma wani farin taɓo ya kwanta, wanda yaran shago ke zubarwa da yamma. Duk wannan yana cikin layi ɗaya:

CaC₂(s) + 2H₂O(l) → C₂H₂(g) + Ca(OH)₂(s)

Ƙananan haruffan da ke biye da kowace alama suna faɗin halin da abin yake ciki: s daskararre, l ruwa-ruwa, g iska, aq kuma narkakke a cikin ruwa. Iskar ita ce asitilin, farin taɓon kuma kalsiyam haidiroksaid. Lambar 2 da ke bayan baka a Ca(OH)₂ tana ninka duk abin da ke cikin bakan, wato oksijin biyu da haidirojin biyu. A ƙirga a gani: kalsiyam ɗaya da ɗaya, kabon biyu da biyu, haidirojin huɗu da huɗu, oksijin biyu da biyu.

A bakin tocin, asitilin yana haɗuwa da oksijin daga doguwar tukunyar da ke jingine a gefe, ya ba da harshen wuta da ke wuce digiri 3,000 a ma'aunin Salshiyas. Mu daidaita wannan tare, mataki-mataki. Farko a rubuta gangar jikin: C₂H₂ + O₂ → CO₂ + H₂O. A fara da kabon, a bar oksijin sai ƙarshe, don ya bayyana a wuri biyu a dama, kuma a hagu shi kaɗai yake tsaye, ana iya gyara shi ba tare da an taɓa kowa ba. Kabon biyu a hagu, saboda haka 2CO₂. Haidirojin biyu a hagu, biyu a dama, ya yi. Yanzu oksijin na dama: huɗu daga 2CO₂, ɗaya daga ruwa, biyar ke nan. Oksijin kuwa biyu-biyu yake zuwa, biyar ba ta rabuwa biyu. A nan yara da yawa suke ajiye biro. Ba abin tsoro ba ne. A rubuta biyu da rabi na ɗan lokaci, sannan a ninka kowace lambar gaba sau biyu:

2C₂H₂ + 5O₂ → 4CO₂ + 2H₂O

Kabon huɗu da huɗu, haidirojin huɗu da huɗu, oksijin goma da goma. Wannan ƙirgar ta ƙarshe ba ta cin minti ɗaya, kuma ita kaɗai ce wurin da ɗalibi zai iya yi wa kansa maki kafin mai dubawa ya gani. Mai walda bai san waɗannan lambobi ba, amma hannunsa ya san su. In ya rage oksijin wutar ta yi ja tana hayaƙi baƙi, in ya buɗe shi daidai ta koma shuɗiya mai tsini. Daidaiton oksijin da asitilin yake nema da yatsunsa.

Lambobin gaba ƙirgar ƙwayoyi ne, amma ba wanda ke ƙirga atom ɗaya-ɗaya. Aunawa ake yi, kuma gadar da ta haɗa ƙirga da awo ita ce mol. Mol guda adadi ne tsayayye, ƙwaya 6.022 × 10²³, lambar da aka sa wa sunan Avogadro, masani ɗan Italiya. An zaɓi wannan adadi ne don nauyin mol guda a giram ya dace da lambar nauyin da ke teburin sinadarai. Mol guda na kabon giram 12 ne, na O₂ giram 32, na CO₂ giram 44. Ka ga 12 da 32 sun ba da 44, dokar Lavoisier ta fito da kanta.

Wannan lissafin yana da alaƙa da rai. Mu ɗauka kilo guda na gawayi kabon ne zalla, don sauƙin lissafi. Giram 1,000 a raba da 12, kusan mol 83 ke nan. Kowane mol na kabon yana cin mol guda na O₂, kuma mol guda na iska a zafin ɗaki yana cika wajen lita 24. Wato kilo guda na gawayi yana buƙatar kusan lita 2,000 na oksijin. Ɗaki mai mita uku tsawo, uku faɗi, uku tsayi yana ɗauke da iska lita 27,000, kuma kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin, wajen lita 5,700. Kilo guda zai cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na oksijin ɗin ɗakin in an rufe ƙofa da taga. Tun kafin a kai nan ma haɗuwar ta sauya hanya, don idan oksijin ya yi ƙaranci ga abin da ke faruwa: 2C + O₂ → 2CO. Kabon monoksaid ba shi da launi, ba shi da wari, ba ya sa tari. Yana kama sinadarin jini mai ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Mutum ya ji ciwon kai da kasala, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Lokacin hunturu, sa'ad da ake shigar da kurfoti ɗaki don jin ɗumi, ko a tayar da janareta a lungu in an ɗauke wuta, ina so kowane ɗalibin da ya karanta wannan ya zama shi ne mai magana a gidansu. Bambancin CO₂ da CO ƙwayar oksijin ɗaya ce tak.

Akwai kuma abin da ikweshan ba ya faɗa, kuma rashin sanin iyakarsa yana ruɗar da masu ƙoƙari ma. Ba ya faɗin sauri. 4Fe + 3O₂ → 2Fe₂O₃ shi ne tsatsa a taƙaice, ko da yake tsatsar gaske tana riƙe da ruwa a jikinta, kuma ba ta samuwa sai da laima. Layin bai nuna cewa kwanon rufi zai yi shekaru kafin ya huje ba, bai kuma nuna cewa a bakin teku a Accra gishirin da ke cikin iska yana gaggauta ta fiye da nan Kumasi ba. Zafi yana ƙara sauri, shi ya sa miya ke lalacewa a waje ta kwana lafiya a firji. Dakakken abu ya fi dunƙule saurin haɗuwa, don fuskar da ke taɓa abokin haɗuwa ta fi yawa. Akwai kuma sinadaran da ke gaggauta haɗuwa ba tare da sun ƙare ba, su ake kira katalis. Takin zamani da manoman masara ke saye ya dogara ne a kan haka. Naitirojin ya cika iska, kashi 78 cikin ɗari, amma ba ya son haɗuwa da kowa. Sai da Fritz Haber ya nuna hanya a Jamus a 1909, Carl Bosch ya mayar da ita masana'anta a 1913, da katalis na ƙarfe da zafi da matsi mai yawa, sannan N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃, wato haɗa amoniya, ya zama tushen takin da ake cika buhu da shi. Kibiya mai kai biyu tana nufin haɗuwar tana tafiya gaba tana dawowa baya a lokaci guda.

Haka nan daidaituwar lambobi ba hujja ba ce cewa abin yana faruwa. Kana iya rubuta zinare ya haɗu da ruwa, ka daidaita shi tsaf, amma zoben zinare zai shekara ɗari a rijiya ba abin da zai same shi. Gwaji ne ke faɗin abin da ke faruwa, ikweshan yana rubuta shi ne kawai bayan an gani.

Batun makamashi ma sai an ƙara shi a gefe. Wasu haɗuwar suna fitar da zafi, kamar kabaid da ruwa. Wasu kuma sai an biya su kafin su motsa. Kamfanin alminiyam na VALCO da ke Tema, wanda ya fara aiki a 1967, misali ne babba. Raba alminiyam da oksijin, 2Al₂O₃ + 3C → 4Al + 3CO₂, yana cin wutar lantarki mai yawan gaske, kuma buƙatar wannan wuta na cikin manyan dalilan gina madatsar Akosombo da aka kammala a 1965. Da mol ɗalibi zai iya lissafa cewa giram 102 na Al₂O₃ yana ba da giram 54 na alminiyam, wato kusan tan biyu kafin a samu tan ɗaya. Irin wannan lissafi ne injiniya ke yi kafin a yi odar kaya.

Inda rashin fahimtar dokar nan ya fi yi mana illa a Ghana, a ganina, shi ne wuraren haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, galamse. Ana cuɗa zaiba da yashi mai zinare, ta kama zinaren su dunƙule, sannan a gasa dunƙulen a wuta. Zaiba tana tafasa a digiri 357, sai ta tashi ta bar zinaren. Mai gasawa yana ganin ta tafi. Ba inda ta je. Wani ɓangare ya shiga huhunsa, sauran ya sauko kan ƙasa da ruwa, ya bi koguna irin su Pra da Ofin da Ankobra. A cikin laka ƙwayoyin cuta suna haɗa ta da kabon da haidirojin, ta zama nau'in da ke taruwa a jikin kifi, ya taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, musamman na jariri a ciki. Zaiba iri ce ta asali, ba wata haɗuwa da za ta mayar da ita wani abu marar zaiba. Garin Minamata na Japan ya ɗanɗana wannan a shekarun 1950, shi ya sa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba take ɗauke da sunansa. A cikin gida ma akwai makamancin haka: bilic da ruwan wanke bayi mai asid in suka haɗu a bokiti suna sakin iskar kulorin mai ƙona huhu. Kada a haɗa su, ko da ana ganin wankin zai fi fita.

Ga aiki ga mai son gwada kansa. Gas ɗin girki da ke cikin silinda cakuɗe ne na furofen da buten. A ɗauki buten, C₄H₁₀, a ƙona shi da oksijin, a daidaita kafin a duba amsa. Kabon huɗu ya ba da 4CO₂, haidirojin goma ya ba da 5H₂O, oksijin na dama ya zama takwas da biyar, goma sha uku, wato shida da rabi na O₂. A ninka biyu: 2C₄H₁₀ + 13O₂ → 8CO₂ + 10H₂O. A awo, giram 116 na buten da giram 416 na oksijin sun ba da giram 352 na kabon dayoksaid da giram 180 na ruwa, 532 a kowane ɓangare. Ruwan nan ana ganinsa da ido: a ɗora tukunyar ruwan sanyi a kan gas, za a ga gefenta ya yi gumi na ɗan lokaci kafin ta ɗauki zafi. Buten biyu kuma oksijin goma sha uku yake nema, shi ya sa murhun gas yake da ƙofar shigar iska a ƙarƙashin kan wutar. In maiko ko datti ya toshe ta, wutar ta koma rawaya, gindin tukunya ya yi baƙi da kabon da bai samu oksijin ba, kabon monoksaid kuma yana fita tare da shi. A kashe, a bari ya huce, a cire kan murhun a wanke ramukansa, a buɗe tagar kicin kafin a sake kunnawa.